Garahuni da Furen Akawu

Malkar bana ta zo da ƙazanta. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo Talata Mafara ba, wanki ya yi tsami a kan igiya, ashana ta ƙi kamawa, gindin bangon ɗakina ya yi kore. A cikin wannan caɓi ne autata Nafisa ta turo mijinta da mota ya ɗauke ni, wai in je in raba musu gardama. Sun tare a sabon gidansu can bayan gari, katanga ta tsaya musu fayau ba ko ɗigon ganye, suna neman abin da zai yaɗu ya rufe ta. Shi ya sayo wani fure mai hawa bango daga Gusau, a cikin baƙar leda. Ita kuwa ta ga wata mata a waya tana rantsuwa cewa garahuni maganin ciwon suga ne da hawan jini da ban san me da me ba, sai ta aika ƙauye aka kawo mata iri, har ya tsiro mata a tsohon bokitin fenti.

Garahuni dai da na sani, shi ake lallaɓawa a bokiti a gida mai tayil. Kafin in zauna ta tsinko ganye ɗaya ta murje a yatsa ta kai mini hanci.

"Inna, ji ƙamshinai."

Ban san lokacin da na ture hannunta ba. Yawu ya cika mini baki, sai da na je bakin makwarara na tofar na kuskure. Na manta rabona da warin nan, amma hancina bai manta ba ko kaɗan.

Tun da tambayata suka yi, na faɗa musu abin da na sani. Garahuni ba ya son hidima. A jefa iri a gindin danga, ruwan sama ya yi sauran. Yakan yi ta rarrafe a ƙasa har ya sami abin kamawa, sannan ya hau da 'yan siraran hannuwansa. Amma ɗan damina ne, kaka na yi zai bushe ya bar musu igiyoyi suna reto a bango. 'Ya'yansa kuwa in ɗanyu ne duk ƙuraje, in sun nuna su yi ja su fashe da kansu, su baje wani jan ciki mai yauƙi, ƙudaje su yi ta biki. Yara na tsotsa, wai zaƙi. Shi kuma furen, wanda mijin Nafisa ya kira da wani sunan Turanci da harshena ya ƙi ɗauka, ba ruwansa da rani, lokacin ma yake cin adonsa. Sai dai ba ƙamshi, ba ɗa, ba ganyen miya, ga ƙaya mai lanƙwasa da ba ta barin mayafi ya wuce lafiya, kuma kullum sai an share abin da ya zubar.

Suka ce to wanne za su shuka. Na ce su sayo fenti su shafe katangar su huta. Suka yi ta dariya, wai Inna ba ta son ci gaba. Nafisa ta ɗauki ɗanta na fari tana cilla shi sama tana kiran sunansa gatsal, tana sumbatar tafin ƙafarsa, sannan ta juya ta ce wa mijinta madarar yaro ta ƙare, kada ya dawo gidan ba da ita ba. A gabana, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Na san tsofaffin da za su ce duniya ta lalace. Ni dai na dube ta sama da ƙasa, ban ga inda ta ragu ba.

Ni a nawa ɗan farin, Dakko aka mai da ni, gidan ubana a ƙasar Bakura, goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Mijina, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a wani ofishin noman rani a nan Mafara. Kowa Akawu yake ce masa, ni ma da shi zan kira shi. Mutum ne mai son tsaf-tsaf, biro a aljihu, takalmi na sheƙi, kuma bai iya mugunta ba ko ta kwabo. Na bar shi a tsakiyar bazara, cikin zafin da ruwan randa ma yakan yi ɗumi, na tafi da niyyar in dawo masa da goyo da ƙiba.

Ruwan farko ya sauka da wuri, mai yawa, aka fita da sungumi aka yi shuka ana murna. Gero ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sai sama ta ɗauke. Kullum la'asar hadari zai taso daga gabas baƙi ƙirin, ya yi ta cika baki da rugugi, mata su kwashe shanya su jera tukwane a bakin indararo, sai iska ta zo ta yi yamma da shi. Shuka ta ƙone. Aka fita roƙon ruwa, aka ɗan samu yayyafi, aka sake shuka, ta sake ƙonewa. Kowace sabuwar shuka kuwa daga bakin yara ake cire ta, domin geron ɗaya ne, na ci shi ne na iri, bara kuma dama ba a samu abin kirki ba. Da ruwa ya tashi zama sosai, lokacin da ya kamata a ce ana gasa tumu, gero bai wuce gwiwa ba.

Gayya ta mutu a shekarar, don ba mai abin da zai ciyar da masu noma. Kowa ya sunkuya a gonarsa shi kaɗai, ya ɗan taɓa ya zauna yana haki. Samari suka watse ƙwadago, ƙannena maza suka yi wajen Maradun. Aikin da ya rage ana yi tare shi ne na mata, su fita ayari da ƙorai neman tafasa da yaɗiya a bakin gonaki, kowace tana cewa ai marmari take yi. Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Garin da tun assalatu ake jin lugude ta kowace kusurwa, sai ga shi hantsi ya ɗaga ba a ji taɓarya ba. Wadda ta samu ɗan abin dakawa ma sai ta ja turmi cikin ɗaki ta daka a hankali, kada maƙwabta su turo yara gaisuwa.

Babana malami ne, manya ke zuwa zaurensa ɗaukar karatu bayan la'asar, kuma an san shi da rumbu uku a tsakar gida. Rumbunan nan suna tsaye da jinkarsu tsaf, har sabon yaɓe ya sa aka yi musu. Ciki ba komai sai kashin ɓera. Mu na gida muka sani, kuma an ja mana kunne.

Mata biyu ne a kaina. Innata tana nan da ranta, amma ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son in yi abu sai ta faɗa wa iska. Wadda ta riƙe ni ita ce Gwaggo Ige, yayar Baba, da ta yi aure a Damaga mijin ya rasu ta dawo gida. Mace ce mai ƙashi da zafin hannu. Ta san ƙa'idar jego kamar yadda Baba ya san littattafansa, kuma ba ta yarda a tsallake ko ɗaya ba. Kullum cikin faɗi take cewa maijegon da ta wanka a Damaga ba wadda ta taɓa kumburi.

Na haihu malka na farawa. Namiji, cikakke, mai gashi kwance luf. Ranar suna Akawu ya yi abin da ake yi, ya turo rago da gero da kanwa da kayan yaji da itace, ya zo da abokansa da safe aka raɗa wa yaro Usmanu suka koma. A shekarar arziki wannan ya isa maijego ta yi arba'in tana sheƙi, don rumbun uba ne ke ɗaukar sauran gida. To amma sunan ya faɗo a garin da aka kwana biyu ba a ga maiƙo ba. Wanda aka gayyata ya zo, wanda ba a gayyata ba ya zo da 'ya'yansa, mu kuma masu rumbu uku ba mu da bakin cewa babu. Kafin la'asar rago ya zama labari, har kaurin da ake ajiye wa maijego sai da aka taɓa. Geron ma gida duka ya koma kansa. Da Gwaggo ta ga yana tafiya, ta kwashe abin da ya saura ta zuba a wani tulu, ta toshe da tsumma ta tura ƙarƙashin gadona, ta ce wannan na kunun kanwa ne, wanda ya taɓa ita da shi.

Da sassafe za ta yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, tana hurawa tana tsinuwa, hayaƙi ya cika gida ya ƙi tashi sama saboda ruwa. In ruwan wanka ya tafasa ta ja ni bayan ɗaki, ta tsoma ganyen dogon yaro ta dinga fyaɗa mini. Wankan jego a kan yunwa azaba ce tsagwaronta. Ƙasa ta dinga juyawa da ni, ina dafe da danga, ƙafata cikin laka da kashin awakin da ruwa ya kwaso. Bayan nan a ba ni kunun kanwa rabin ƙoƙo, tsararo, ana hangen gindin ƙoƙon. Sauran gida kuwa ganye ne da dusa, ranar da aka samu gishiri an yi sallah.

Sai garahuni. Dangar gidanmu ta wajen zaure ya lulluɓe ta ruf, shekara da shekaru yana zubar da iri yana tashi da kansa, ba wanda ya taɓa kula shi. A wurinmu an ɗauka yana wanke jinin maijego ya kawo ruwan nono, don haka Gwaggo ta sa masa ido, ta hana yaran maƙwabta tsinka. Safe da yamma za ta tafasa ganyen ta tace mini ruwan, kore mai duhu, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ganyen kuma ta matse ta ba ni in ci, ba ƙuli ba mai. Ɗacinsa ba irin na magani ba ne da mutum zai runtse ido ya wuce. Yana zama a maƙogwaro, ya bi yawu, ya fito a gumi, har zanen da nake ɗaurawa warinsa yake. In na yi amai ta bari in huta ta sake kawo wani. Na tsane shi, na tsani hannun da ke miƙo shi, amma ina sha, domin duk ranar da na sha shi da kunun nan nakan ji ƙirjina ya ɗan yi nauyi, yaron ya samu abin da zai ja ya yi barci.

Yaron nan kuwa ba ni da ikon in nuna na damu da shi. Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a kallonsa in da mutane. Gwaggo ke kawo shi ta ɗora mini, in kau da kai gefe kamar an ba ni ajiyar wani, in ya gama ta ɗauke. Da wutsiyar ido nake auna shi. Da ita na ga wuyan hannunsa ya daina ninki, na ga fatar cinyarsa ta fara yaushi. Ba shi da ciwo, ba zazzaɓi ba gudawa. Abinci ne bai isa ba, nawa bai isa ba balle nasa.

Ana haka, wata Lahadi da ruwa ya ɗan tsagaita, muka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Akawu ne ya aro na ofis ya zo ganin maijego. A bayan babur ɗin akwai wani ƙunshi dogo a cikin jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure da igiya. Gwaggo ta leƙa ta kafar danga ta dawo tana gyara ɗaurin zane, ta ce ko rogo ne ko rake, kowanne ne dai Allah ya kawo. Ni har na fara jin rogon a bakina.

Daga ɗakina ana jin zaure. Aka shiga gaisuwa, irin tamu da ba ta ƙarewa, gajiya, iyali, ruwa, gona, mutanen Mafara, a sake komawa kan gajiya. Akawu ba kurma ba ne, ya san shekarar ba ta yi kyau ba, har ya yi ƙarfin hali ya tambaya ko hatsi na isar gida.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Ga rumbuna nan kana gani. Mu sai godiya."

Bai yi ƙarya ba, rumbuna suna nan. Aka kwance buhu. Sanduna ne guntaye, masu ƙaya da 'yan ganye a jiki. Akawu ya yi bayani da murnarsa, wai reshen wani fure ne da Turawan da ke aiki da su suka shuka a gidajensu, shi ma ya dasa a ƙofar ɗakinsa ya kama, ya ga zauren malami kamar Baba ya fi cancanta da shi, masu zuwa karatu su riƙa shiga ta ƙarƙashin ja. Baba ya yi ta sa albarka.

Sannan ya leƙo cikin gida ya ce a yi wa baƙo fura. Suruki ya taso tun daga Mafara, ba za a sallame shi da ruwan randa ba. Gwaggo ta tsaya ta dube shi, shi ma ya dube ta. Ta shigo ɗakina ta durƙusa ta jawo tulun. Ina zaune a kan gadon, ƙafata ma sai da na ɗaga mata. Ranar an ja turmi tsakar gida an yi daka da ƙarfi, har da lugude, don na zaure su ji. Aka nemo nono wurin Fulanin bakin gari, aka dama fura cike da sabuwar ƙwarya, fara tas, da ludayi a kai.

Shi kuma Akawu ɗan mutunci ne, ya san suruki ba ya sakin ciki ya ci a gidan surukai. Ya kai ludayi baki sau ɗaya ko biyu ya ce ya ƙoshi, ya tura ƙwaryar gaba. Maƙwabtan da ƙarar babur da ta turmi suka tara a zaure suka ja ta tsakiya. Ina jin ludayi yana kankarar gindin ƙwarya, ina jin wani yana tsotsar yatsa. Kunun da zai kai ni arba'in ke nan, ya tafi cikin ƙattin da ko barka wasunsu ba su yi mini ba.

Da Akawu ya shigo ganina, a bakin ƙofa ya tsuguna. Ni na ja mayafi na rufe fuska na fuskanci bango, haka ake yi. Gwaggo ta naɗe yaron a zane har wuya, fuska kawai ta bari, ta ɗan karkato shi. Shi ma ɗansa na fari ne, ga kuma yayar surukinsa zaune, sai ya yi masa kallo ɗaya ya mai da ido kan takalminsa. Ya tambayi ƙarfin jiki, na amsa a ciki. Ya tambaya ko akwai abin da ake bukata.

"Babu komi, ɗana," in ji Gwaggo. "Maijego tana ci tana sha, yaro shina tsotso. Kai dai yi ta aikinka."

Na so in yi magana. Amma yarinya ce ni da ta tashi a kan cewa mace ba ta tona gidan ubanta gaban miji, ba ta kuma yin zancen ɗan fari ko da wuta yake ci. Manya biyu sun riga sun ce lafiya lau. Ban ɗora wa kaina laifin shirun nan ba, har gobe kuma ba zan ɗora ba.

Kafin Akawu ya tafi ya ce bari ya dasa furen da hannunsa. Ya tuɓe riga ya karɓi hauya, ya dubi dangar zaure ya ce wannan ciyawar ai matattarar sauro da macizai ce, ga jariri a gida. Ya kama garahunin nan ya dinga finciko shi igiya-igiya, ya bi saiwar ya sare don kada ya sake tashi ya shaƙe furen. Aiki yake tsakaninsa da Allah, yana gumi, yana yi wa surukai hidima. Baba na tsaye da carbi, Gwaggo na tsaye da tsintsiya. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce wannan ciyawar ita jikanmu ke rayuwa a kai, domin in an faɗi haka an faɗi sauran. Ya tattara ya kai juji ya watsar, ya jera sandunansa a gindin danga, ya roƙi a riƙa kare su daga awaki. Baba ya ce in Allah ya yarda.

Ƙarar babur ba ta gama ɓacewa ba Gwaggo ta zari ƙwarya ta yi juji. Awaki sun riga ta, sun tattake shi cikin kashi da toka da ruwan da ke gangarowa daga makewayi. Ta tsinto abin da ta iya, ta wanke ta sake wankewa, ta tafasa. Na ga inda aka ɗebo shi, na kuma sha. Bai yi mana wani kwana ba ya ƙare.

Ban sani ba ko garahunin ne ke kawo nonon ko kunun, ba ni da ilimin da zan raba. Abin da na sani rana ɗaya suka tafi. Gwaggo ta bi dangogin gari da ƙwarya, ta tarar duk an tsige su tas, don ba mu kaɗai ke jin yunwa ba. Malka kuwa ta dawo da ƙarfinta, yayyafi ba tsayawa, tabarma ta yi fumfuna, ƙudaje suka yi baƙi a bakin kowane ƙoƙo. Wanka dai ba a fasa ba, har kara aka zare daga dangar baya aka hura, don a ce an fasa wankan jego abin magana ne a gari. Yaro ya kama nono ya ja ya ja, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Daga baya kukan ya koma irin na ɗan mage. Maɗigarsa ta faɗa, Gwaggo ta kwaɓa wani magani ta shafa. Baba ya yi rubutu aka ɗiga masa. Sandunan Akawu kuwa Baba ya sa an kewaye su da ƙaya, kullum da safe sai ya tsaya ya duba su, don amana ce.

Yanzu in na ga yarinya ta danna waya tana lissafa wa miji abin da zai taho da shi, sai in tuna tsakanina da Mafara tafiyar da ba ta cika yini ba ce. Masu cin kasuwar Talata suna fita daga Dakko kowane mako, ko ɗayansu aka ba saƙon baki ya isa. Na ce wa Gwaggo a aika. Ta ce in aka aika, da wane ido Malam zai sake kallon surukinsa bayan furar da aka dama? Ta ce in yi haƙuri, gero ya kusa. Geron da ko ciki bai yi ba.

Ranar da aka ɗora mini shi ya ƙi ko kamawa, bakinsa a buɗe idonsa rabi a rufe, ranar na daina jin kunyar kowa. Arba'in da saura, kuma maijego ba ta taka ƙofar gida kafin arba'in, balle ta kama hanya. Na jira hantsi, Gwaggo ta fita neman ganye, Baba na gona. Na ɗauki yaron da hannuna na goya shi, karo na farko, ban ma iya ɗaurin ba. Ina fitowa na yi kiciɓis da Inna a bakin murhu. Na tsaya ina jiran ta kira mutane. Ba ta dube ni ba. Ta taso ta zagayo bayana ta gyara goyon ta ɗaure tamau, ta yafa mana wani tsohon buhu saboda ruwa, sannan ta koma ta fuskanci tukunya.

"Hanyar hwadama ta ci ruwa," ta ce wa tukunyar. "Mai tahiya Bakura shi bi ta tudu."

Na bi ta tudu. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya tun ban yi nisa ba, na bar mata ɗayan. Gero dama da hagu kore shar, kyakkyawa, ba abin ci a jikinsa. Jiri na ɗibata, ina tsayawa ina taɓa ƙafar yaron in ji ko da ɗumi. A Bakura wani direban a-kori-kura mai ɗaukar awaki ya dube ni ya dubi goyona, bai tambaye ni komai ba ya ce in hau gaba. Warin bunsuru da fetur ya raka mu har Mafara.

Bayan la'asar na isa. Furen nan ne ya fara tarbata, ya haye ƙofar ɗakin, kore da ɗan ja-ja a baki, ƙayarsa ta kama buhun da ke kaina sai da na fizge. Ɗakin a buɗe, Akawu bai dawo daga masallaci ba. Na shiga na tsaya. Buhunan masara jingine da bango, irin wadda ofis ke raba wa ma'aikata, da rabin buhun shinkafa, da gwangwanin madara a kan taga ƙudaje na bin bakinsa. Ɓera ya huda buhu ɗaya, masara ta zube a ƙasa, kajin maƙwabta sun shigo suna tsince abinsu ba mai korarsu. Ban yi kuka ba.

Akawu ya shigo da sallama ya gan ni, ba takalmi, laka har gwiwa.

"Lahiya? Wa yar rasu? Ke da ba ki yi arba'in ba?"

Na kwance goyon na warware zanen gaba ɗaya, na ɗora masa ɗansa tsirara a hannu, na ce ya duba da kyau, nan ba gidan surukai ba ne. Ya duba. Ya zauna a ƙasa cikin masarar.

"Na tambaya, Kulu," ya ce. "Na tambayi Malam da bakina. Don mi ba a hwaɗa min ba?"

"Hurar da anka dama maka, geron kununa na," na ce. "Ciyawar da kac cire, ita nika sha shi samu nono."

Ya sure mu zuwa asibiti. Suka yi abin da za su iya, aka sa wa yaron ruwa, ana ɗiga masa madara da cokali tana dawowa ta gefen baki. Ni kuma matan ma'aikata suka sa ni gaba da abinci, tuwon masara da miyar kuka mai nama, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, wannan ta kawo waccan ta kawo, ina ci hannu baka hannu ƙwarya don in samu abin ba shi. Akawu ya ɗora buhu a mota zuwa Dakko ba tare da ya tambayi kowa ba. Yaron bai daɗe ba. Wata safiya da hantsi aka naɗe shi a ɗan farin ƙyalle, Akawu ya ɗauke shi a hannu suka tafi, ko makara ba a bukata ba.

Da labari ya isa Dakko, Baba da Gwaggo suka zo ta'aziyya. Aka shimfiɗa wa maza tabarma a ƙofar ɗaki, ina jin su ta taga. Baba ya ce kwana ne ya ƙare, Akawu ya ce haka ne. Ba wanda ya ambaci rumbu, ko buhun da aka aika, ko yadda na fito. Can Baba ya ɗaga kai ya dubi furen da ke bisa kansu, ya nemo maganar da za ta sanyaya wa surukinsa rai.

"Naka na Dakko ma ya kama," ya ce. "Duk sun yi toho."

Na cusa mayafi a baki. Gwaggo da ke zaune kusa da ni ta mintsine ni a cinya, ta ce in kama kaina, ɗan fari ne, mata na kallo. Sai idonta ya sauka a ƙirjina ya tsaya. Tun safe nake jin ya yi tauri yana zogi, ban kula ba. Gaban rigata ya jiƙe sharkaf, nono yana ɗiga a kan zanena, fari, mai kauri, har ƙuda ya fara sauka.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta tashi ta saki labule, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mini ƙirji da shi tamau har numfashina ya ɗauke, ta ce in rage cin abinci.